Komawa ko Dawowa? Lokacin barin ƙasar waje cikin finafinan «Jaguar» da «Cabascabo»

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama ƙasar waje don karatu ko aiki ya san tambayar da ake rufe masa kowace wasiƙa da ita a da, ake kuma rufe masa kowace hira ta waya da ita a yau: «Yaushe za ka dawo?» Ya kuma san abin da shi yake faɗa wa abokan zamansa na can: «Baɗi zan koma.» Wannan ƴar maƙala za ta tsaya ne tsakanin waɗannan aikatau biyu, ta yi amfani da su wajen nazarin finafinai biyu da suka shafi Nijar: «Jaguar» na Jean Rouch da «Cabascabo» na Oumarou Ganda. Abin da muke son nunawa shi ne, a cikinsu duka biyu ba matafiyi ne ke yanke lokacin barin ƙasar waje ba, yanke masa ake yi. Sabili da haka suna da abin gaya wa ma'aikacin zamani mai albashi a Turai ko Amurka, wanda shi ba wanda zai yanke masa.

Ya kamata mu faɗa tun daga farko cewa finafinan ba da Hausa aka yi su ba. Da Faransanci aka ɗora muryoyin «Jaguar», shi kuwa «Cabascabo» Zabarmanci ne ya fi yawa a cikinsa. Ke nan Hausa ma'auni ce kawai da muka ɗauko, ba shaida ba.

2. Inda mai magana yake tsaye

A rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya yi a 1960, aji na shida shi ne na masu ƙarewa da -o, waɗanda ke jawo aiki zuwa wurin da mai magana yake: fita da fito, kai da kawo, tafi da taho, koma da komo. «Dawo» ma cikin wannan aji take. Faransanci yana rarrabe retourner da revenir, amma in aka zo ga suna sai kalma guda ta haɗiye su, le retour. Hausa ba ta yarda da wannan haɗiya ba, komawa daban, dawowa daban. Mutum shi kaɗai a ɗakinsa na haya yana iya ƙudurta komawa. Dawowa kuwa sai in akwai wani a gida da yake kallon hanya, domin daga bakinsa kalmar take samun ma'anarta. Mu riƙe wannan, za mu buƙace shi.

3. «Jaguar»: damina ce mai kira

Rouch ya ɗauki hotunan «Jaguar» a 1954, fim ɗin bai fito ba sai 1967. Samari uku, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, sun tashi daga Ayoru a bakin kogin Isa, sun ratsa Dahome da Togo, sun shiga Gwalkwas, wato Gana ta yau, sun yi aiki da ƴar tireda a Ankara da Kumasi. Sai suka tattara abin da suka samu suka hau mota, suka iso gida, suka rabar da shi nan take.

Ba a ga ɗayansu ya kwana yana juyi a kan tambayar «in zauna ko in tafi» ba. Dalili a fili yake, tafiyarsu cin rani ce. Ita kanta kalmar ta zo da wa'adinta a ciki: rani ake ci, in ya ƙare tafiya ta ƙare. Gona tana jira, iyaye suna jira, hadari ya fara haɗuwa. Ɗan cin rani ba ya zaɓen ranar dawowa fiye da yadda manomi yake zaɓen ranar shuka. Mutanen Adar da suke cewa wane «ya tafi biɗa» sun ɗan buɗe ƙofa, domin biɗa ba ta da wata ko rana, sai an samu. Amma ko a can, a zamanin da fim ɗin yake magana, damina ce ke da kalmar ƙarshe.

Akwai wani abu kuma da masu sharhi suka cika yabawa, ni kuwa nake ganin a nan ne fim ɗin ya ruɗe mu. Ba a ɗauki murya lokacin tafiyar ba. Daga baya ne ƴan wasan suka zauna gaban hotunan suna ba da labari, suna ba'a, suna dariya. Wato duk abin da muke ji muryar waɗanda suka riga suka dawo ne lafiya. Labarin gaba ɗayansa da aji na shida aka ba da shi, in ana iya faɗin haka. Wanda ya maƙale a zango, ya yi aure, ya ji kunyar komawa hannu wofi, ba shi da baki cikin wannan hira. Alhali irinsu suna da yawa, kuma a Nuwamba 1969, shekara biyu bayan fitowar fim ɗin, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice daga Gana. Su ma yanke musu aka yi, amma ba damina ce ta yanke ba.

4. «Cabascabo»: jiki ya iso, wuri bai samu ba

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin. Da aka sallame shi ya komo Nijar bai sami aiki ba, sai ya sake fita, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A can Rouch ya same shi ya ba shi babban matsayi cikin «Moi, un Noir» na 1958, inda a wani wuri yake kwaikwayon yaƙin da ya gani, yana faɗuwa yana tashi a bakin ruwa. Shekara goma bayan haka ya karɓe labarinsa daga hannun wani, ya yi «Cabascabo», ya kuma fito a matsayin tsohon sojan da kansa. An nuna fim ɗin a Kan a 1969, cikin makon masu sharhi.

Labarin gajere ne. Soja ya dawo Yamai da kuɗin sallama. Abokai da matan bariki sun kewaye shi, yana ba su labarin yaƙi, suna ci suna sha da aljihunsa. Kuɗi sun ƙare, jama'a ta watse, aikin da ya samu girman kansa na soja bai bar shi ya riƙe ba. A ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi ƙauye.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin tsakiyarsa. Ganda ya gane abin da «Jaguar» ya rufe da dariya, wato rabon tsaraba ba kyauta ba ce kawai, kuɗin shiga ne. Samarin Ayoru sun rabar da kayansu sun sami matsayi, domin gona da gida suna nan suna jiransu bayan rabon. Cabascabo ya rabar da nasa bai sayi kome ba. An tarbi kuɗinsa, shi ba a tarbe shi ba. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, kuma abin tausayi a nan shi ne mutum ya zama raɓa a garin da aka yanke masa cibiya. Duk lokacin da hoto ya koma Indoshin, mai kallo yana lura cewa can ne kawai mutumin yake da suna da muƙami da waɗanda suka san darajarsa. A ma'aunin da muka ɗauko, ya koma amma bai dawo ba, tun da ba wanda yake jiransa don kansa.

Inda ban yarda da Ganda ba shi ne ƙarshen. Komawa ga ƙasa da aikin hannu wa'azi ne da hukumomin Afirka suka yi ta yi wa samari bayan samun ƴancin kai, kuma a nan ya zo wa labarin da sauƙi fiye da kima. Shi Ganda bai bi wannan hanya ba. Da gida ya ƙi shi, Abijan ya tafi, da ya dawo karo na biyu kuwa sinima ya koya a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai. Sana'a ce ta ba shi wurin zama, ba gona ba, har ya ci babbar kyautar Fespaco ta farko a 1972 da «Le Wazzou polygame». Fita ta biyu ita ce gaskiyar rayuwarsa, ita ce kuma ya cire daga fim ɗin. Bugu da ƙari, tarihi bai yi wa wannan ƙarshe adalci ba: ƙauyen da aka tura Cabascabo shi ne fari ya cinye daga 1968 zuwa 1974.

5. Wanda ba shi da damina

To, mu zo ga namu. Malami ko likita ko injiniya da ke aiki a Liyon ko Mwariyal ba shi da hadarin da zai kira shi, ba kuma kwamandan da zai sallame shi. Sai ya ƙirƙiro wa kansa wa'adi: in na kare digirina, in na sami takardun zama, in na gama ginin gida, in yara sun gama lakkwal. Kowane wa'adi in ya cika sai ya haifi wani. Abdelmalek Sayad, wanda ya yi nazarin ƴan Aljeriya mazauna Faransa, ya nuna cewa wannan ruɗi na «zaman ɗan lokaci» ba na matafiyi ne shi kaɗai ba, ƙasar da ya bari da wadda ta karɓe shi duk suna da riba cikin a ci gaba da yarda da shi. Faransa ta gwada sayen komawa a 1977, lokacin da Lionel Stoléru ya sa faran 10,000 ga ma'aikacin da ya yarda ya tafi, sai ga shi Fotugis da Sifaniyawa ne suka fi karɓa, ba waɗanda aka yi dominsu ba. A wajenmu kuwa, faɗuwar darajar sefa a Janairu 1994, daga 50 zuwa 100 a kan faran guda na Faransa, ta ninka amfanin wanda yake waje cikin dare ɗaya. Daga ranar nan «yaushe za ka dawo?» ta zama gaisuwa a gidaje da yawa, ba kira ba. Mai tambayar ya san abin da zai rasa in aka amsa masa da «gobe».

Abokan yaƙin Cabascabo na gaske ma sun ɗanɗani wannan. Wasu tsofaffin sojojin Senegal da suka yi Indoshin da Aljeriya sun tsufa a ƙananan ɗakuna a Bondi, kusa da Faris, domin doka ta ce sai sun yi wata shida a Faransa kowace shekara kafin a biya su kuɗin tsufa. Sai a farkon 2023 aka ɗage musu sharaɗin, tara daga cikinsu suka sauka Dakar a watan Afrilu, mafi yawansu sun haura 85.

Ni kaina na yi shekaru a Faransa ina cewa baɗi. Abin da ya girgiza ni ba lissafin albashi ba ne. Wata rana na ci abinci gidan wani ɗan ƙasarmu da ya riga ni zuwa da shekara ashirin, wanda bai taɓa fasa cewa «zan koma» ba, har da zanen gidan da yake ginawa manne a bango. Ƴarsa tana jin Hausa sarai. Na tambaye ta abin da za ta yi da hutu, ta ce: «Za mu je Nijar.» Ba ta yi kuskuren nahawu ba. «Je» ita ce kalmar wurin da mutum bai fito daga cikinsa ba. Uban ya gyara mata, ya ce «koma» ake cewa. Ta dube shi ta sake faɗin nata. Cikin wannan mako na rubuta wa sashenmu takardar neman aiki, aka yi wata goma sha ɗaya ba amsa.