Tarke a kan Kundin The Early Years 1965–1972 na Ƙungiyar Pink Floyd

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na 2016 ne ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila mai suna Pink Floyd ta fitar da wani babban kundi da aka raɗa wa suna The Early Years 1965–1972, wato shekarun farko. Kundin ya ƙunshi juzu'i 7 da faya-fayai fiye da 25, wasu na sauraro, wasu na kallo, kuma kaso mai yawa na abin da ke ciki ba a taɓa fitar da shi kasuwa bisa ƙa'ida ba. Manufar wannan takarda ita ce a auna kundin ta fuskar abin da ya ƙara wa masu nazari game da yadda ƙungiyar ta sami salonta, da kuma wuraren da ya gaza. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, darajarsa tana cikin shekarun lalube, daga 1968 zuwa 1972, waɗanda tarihin da aka saba bayarwa yakan tsallake.

2.0 Ƙungiyar da Salonta

Ana sanya Pink Floyd cikin rukunin makaɗan rok da ake kira 'yan ci-gaba, tare da irin su King Crimson da Yes da Genesis. Wannan salo ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960, kuma alamominsa su ne tsawaita waƙa har ta cinye fuska guda ta faifan garmaho, da kasa ta kashi-kashi, da fifita kiɗa a kan baiti. An kafa ƙungiyar a Landan a 1965. Roger Waters da Nick Mason da Richard Wright sun haɗu ne a wata kwalejin fasaha inda suke koyon zanen gine-gine, shi kuwa Syd Barrett, ɗan garin Kambirij, zane-zane yake karantawa. Barrett ne ya haɗa sunan ƙungiyar daga sunayen wasu mawaƙan bulus biyu, baƙar fatar Amurka, Pink Anderson da Floyd Council.

Juzu'in farko ya tabbatar da wannan asali. Waƙoƙin da suka ɗauka wajejen 1965, kamar "Lucy Leave" da "I'm a King Bee", kwaikwayon bulus ne tsantsa, irin wanda samarin Landan da yawa suke yi a lokacin, kuma babu abin da zai sa mai sauraro ya yi zaton wani abu zai fito daga gare su. Shekara biyu bayan haka sai ga "Arnold Layne" da "See Emily Play" da faifan The Piper at the Gates of Dawn na 1967, inda Barrett ya ƙagi mafi yawan waƙoƙin.

3.0 Shekarun Lalube

Tarihin da ya yaɗu kashi biyu ne kawai: zamanin Barrett, sai zamanin The Dark Side of the Moon na 1973. Abin da ya jawo haka a fili yake. Barrett ya kamu da taɓuwar hankali, wadda mutane da yawa suka danganta da shan ƙwayar LSD, aka ɗauko David Gilmour ya tallafa, sannan a watan Afrilu na 1968 aka ba da sanarwar rabuwa da Barrett. Labarin haziƙin da ya zauce yana da daɗin bayarwa, don haka ya danne na waɗanda suka rage. Kundin ma ya ba shi haƙƙinsa, domin a nan ne aka fara fitar da "Vegetable Man" da "Scream Thy Last Scream" bisa ƙa'ida, waƙoƙin da aka ɗauka a 1967 aka ajiye kusan shekara 50.

Ga wanda ya san tsarin makaɗan Hausa, halin da mutane huɗun nan suka shiga ya yi kama da na 'yan amshin da jagoransu ya ajiye kiɗa: ga kayan aiki, ga hannu, amma babu mai ƙaga waƙa. Da farko sun yi ƙoƙarin bin sawun Barrett da gajerun waƙoƙi, "It Would Be So Nice" da "Point Me at the Sky", duka a 1968. Ba su sami karɓuwa ba, har ƙungiyar ta daina fitar da ƙananan faya-fayai a Ingila sai a 1979. Wannan faɗuwa ce ta tura su ga dogon kiɗa, kuma juzu'i na biyu zuwa na shida sun nuna yadda aka yi, mataki-mataki.

Misalai uku sun isa. Na farko shi ne wasan da suka yi a Amsterdam a watan Satumba na 1969, inda suka ɗinke waƙoƙi daban-daban suka yi dogayen zubi biyu, "The Man" da "The Journey". Na farkon yana bin rayuwar mutum ne a yini guda, da aikinsa da barcinsa da mafarkinsa, har da buga guduma a kan dandali. Ɗinkin bai yi kyau ba a wurare da yawa, amma a nan ne aka fara ganin ɗaura faifai sukutum a kan jigo ɗaya. Na biyu shi ne "Atom Heart Mother" na 1970. A faifan asali an lulluɓe shi da ƙahonni da taron mawaƙa da Ron Geesin ya tsara, amma kundin ya kawo shi yadda su huɗu suka kaɗa shi su kaɗai, sai ƙashin bayan kiɗan ya fito sarari. Na uku shi ne "Nothing Part 14", gutsure ɗaya daga cikin gwaje-gwajen 1971 waɗanda aka harhaɗa suka zama "Echoes", mai tsawon minti 23, a faifan Meddle. Wanda ya saurari gutsuren sannan ya saurari cikakkiyar waƙar zai fahimci cewa dabarar ƙungiyar irin ta magina ce, ana aza tubali a kan tubali, ana gwadawa a gaban jama'a, ana rushewa, ana sakewa. Hausawa kan ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, sai dai kuma ɗan zabo ba da wannan zane yake fitowa daga ƙwai ba.

4.0 Inda Kundin Ya Gaza

Aibi na farko shi ne rashin tacewa. Waƙoƙi kamar "Careful with That Axe, Eugene" sun maimaitu sau da dama, kuma ko da yake mai bin diddigi zai amfana da kwatanta su, ba kowane maimaici ne yake ɗauke da sabon abu ba. Haka kuma wasan Stockholm na 1967, wanda yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage daga zamanin Barrett, da ƙyar ake jin muryar mai waƙa a cikinsa.

Na biyu ya fi nauyi ga mai nazari. Wasu waƙoƙin 1967 an sake daidaita sautinsu a 2010, faifan Obscured by Clouds na 1972 kuma a 2016. Abin da kunne yake ji ke nan ya riga ya bi ta hannun mai gyara, tamkar tsohon rubutun hannu da aka sake kwafa aka daidaita masa ƙa'idar rubutu. Bugu da ƙari, Barrett ya rasu a 2006, Wright kuma a 2008, saboda haka ba su da baki a zaɓen abin da aka sa da abin da aka bari.

Na uku shi ne sunan kansa. Kiran waɗannan shekaru "na farko", da tsayar da su a 1972, yana sa a dube su a matsayin share fage ga ɗaukakar 1973 kurum, alhali wasan da aka ɗauka a kangon Pompeii ta Italiya a 1971 aiki ne cikakke da ya isa a auna shi shi kaɗai. Sannan mafi yawan faya-fayan asali na waɗannan shekaru ba su cikin kundin, don haka baƙo ba zai san da me zai kwatanta abin da yake ji ba.

5.0 Kammalawa

Wannan kundi taska ce ta masu bincike, kuma tsadarsa da yawansa sun fi ƙarfin mai sauraro na yau da kullum, wanda taƙaitaccen zaɓi mai faifai 2 da aka fitar tare da shi, Cre/ation, zai wadatar. Amfaninsa mafi girma shi ne ya dawo da shekaru huɗun da aka yi watsi da su cikin tarihin ƙungiyar, ya kuma nuna cewa salon da duniya ta san Pink Floyd da shi an same shi ne ta hanyar gwaji da kuskure a kan dandali. Dole ne dai mai nazari ya riƙa tuna cewa waɗanda suka rayu ne suka tsara shi, bayan sun riga sun san yadda labarin ya ƙare.