Wa Zai Rubuta Mana Ruwan Bagajar Gobe?

A wata bazara da ta wuce, an ɗauke wuta a unguwarmu ta Domayo a nan Maruwa, zafi ya hana kowa barci. Na fito tsakar gida da tabarma ina karanta wani littafin yaƙi da hasken waya. Kawuna ya leƙo ya ga hoton jarumi da takobi a bango, ya ce, "Kai ɗana, har yanzu kana karatun ƙarya? Aljanun nan za su kawo mana wuta ne?" Na ce, "Kawu, ai nishaɗi ne kawai." Ya tafi yana dariya. Amma tambayarsa ta kwana da ni, domin amsar da na ba shi ba ta gamsar da ni kaina ba.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a labarin al'ajabi. Tun gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 muka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Daga baya Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo. A zamaninmu kuwa littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun cika kasuwa, har suna tsallako iyaka su iso mana ta hannun 'yan kasuwar da ke zuwa Kano da Mubi, yanzu kuma ta waya.

Ina son waɗannan littattafai, da su na koyi karatun boko na Hausa, tunda a makaranta Faransanci aka koya mana. Amma ku duba Ganɗoki da kyau. Jarumi ne da ya yi yaƙi da Turawa, bindiga ta fi ƙarfin takobi, ƙasa ta faɗi. Sai marubucin ya kai shi ƙasashen aljanu inda takobinsa ke ci har yanzu. Wato al'ajabin nan magani ne na zuciyar wanda aka ci da yaƙi. A wancan lokaci wannan ya dace. Abin da ke damuna shi ne, kusan shekara casa'in ke nan ba mu bar wannan sawun ba. Sarki, boka, gimbiya, takobin tsafi, birnin da ba a san inda yake ba. Kullum baya muke kallo, kuma kullum ceto daga wata laya yake zuwa, ba daga tunanin mutum ba.

Akwai wanda ya gwada juya fuskarmu gaba. A 1969, shekarar da 'yan Amurka suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi a jirginsa. Littafin ƙarami ne, don yara aka rubuta shi, kuma a nawa karatun baƙon bai yi nisa da aljanin tatsuniya ba, sai dai ya sauya riga. Duk da haka Dembo ya yi abin da ba a saba ba: ya sa yaron ƙauye irin namu cikin na'ura, ya ce sama ma wurin zuwa ne. Ya buɗe ƙofa, mu kuwa ba mu shiga ba.

Bambancin labarin tsafi da labarin kimiyya ba a jirgi ko takobi yake ba. Na farko yana cewa, "da a ce." Na biyu yana cewa, "in muka ci gaba a haka, me zai faru?" Wannan tambaya ta biyu ita ce muke bukata a arewacin Kamaru. Tafkin Chadi ya janye ƙwarai daga yadda yake a shekarun 1960. Da rani Mayo Kaliyawo yashi ne zalla, yara na tonon rami a cikinsa suna neman ruwa. Da damina kuma ambaliya ta cinye gidaje a Yagwa da Maga. Dam ɗin Lagdo kusa da Garwa, in ruwansa ya yi ƙasa, duhu ya same mu. Shekaru ana zancen jawo ruwa daga kogin Kwango zuwa tafkin. To, a ce an jawo, wa zai riƙe mabuɗin famfon? Makiyayi da manomin masakwa, wa zai fara sha? Ga Ruwan Bagaja na gaske, ba sai an je birnin aljanu ba.

Kada wani ya ce ba a karanta labarin garinmu. Djaïli Amadou Amal 'yar Maruwa ce, ta rubuta rayuwar matan gidajenmu, littafinta ya ci babbar kyautar ɗaliban Faransa a 2020. Jean-Pierre Bekolo kuma tun 2005 ya yi fim ɗin Les Saignantes, ya hango Yawunde ta shekarar 2025. Su da Faransanci suka yi. Da Hausa fa?

Ban ce a jefar da takobi ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, tatsuniya kuma gidanmu ce. Roƙona ga marubutanmu shi ne, cikin littafi goma na yaƙi a samu ɗaya da jarumarsa yarinya ce mai gyaran faranti mai zuƙo hasken rana a kasuwar Maruwa ta shekara hamsin masu zuwa, kuma abin da zai cece ta ya zama abin da ta sani.

Ranar da na sami irin wannan littafi, kawuna zan fara kai wa. Allah ya nuna mana.