HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA: GIDAJEN ALFARMA A ƘAGAGGUN LABARANMU

Gabatarwa

Duk mai bin diddigin ƙagaggun labaran Hausa, tun daga littattafan soyayya da suka cika kasuwa a shekarun 1990 har zuwa waɗanda ake yaɗawa yau ta Wattpad da WhatsApp, ya san akwai wani gida guda ɗaya da kusan kowane tauraro yake zaune a cikinsa. A da, gidan yana Nasarawa ta Kano ko Unguwar Rimi ta Kaduna. Daga baya ya yi ƙaura zuwa Maitama da Asokoro. Yanzu kuwa ya hau sama, ya koma hawa na goma sha biyu a wani dogon bene na Ikoyi ko na Dubai. Manufar wannan sharhi ita ce a dubi yadda marubutanmu suke sarrafa wannan gida, musamman masu tasowa daga nan ƙasar Yawuri, a kuma tambaya ko gidan yana yi wa labari aiki, ko kuwa labarin ne yake yi wa gidan dako.

Lissafin kaya ba siffantawa ba ne

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne salon shigar da mai karatu gidan. Mota za ta tsaya, maigadi ya wangale get, daga nan sai marubuci ya ajiye labari ya ɗauki aikin dillaliya: kujerun kushin 'yan Italiya, labule har ƙasa, talabijin mai cin rabin bango, tayil kamar madubi, sanyin iyakwandishan da ƙamshin turaren wuta. A ƙarshe a rufe da cewa tsayawa faɗin haɗuwar gidan ɓata baki ne, alhali an riga an ɓata shafi biyu.

A cikin rubuce-rubucen da ɗalibai da sababbin membobi suke kawowa a duba, daga Yelwa, Wara da Shanga, da wuya ka rasa wannan falo. Idan ka yanke shafukan nan biyu ka liƙa su a wani labari dabam, ba wanda zai gane an yi dashe. Wannan ita ce shaidar cewa siffantawar ta mutu. Siffantawa mai rai tana gaya mana halin mai ɗakin: wace kujera ce ba ya yarda kowa ya zauna a kai, wane hoto ya juya fuskarsa ga bango, ina yake cin tuwo idan ba baƙi.

Ba ina cewa haramun ne a rubuta labarin masu hali ba. Mai karatu da ya wuni cikin rana yana da haƙƙin ya ɗan huta a inuwar mafarki, kuma tun a tatsuniya muna da fadar sarki da ɗakin gimbiya. Wannan hujja ta fito a muhawarar da su Ibrahim Malumfashi, Abdalla Uba Adamu, Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka tafka a jaridu kan adabin kasuwar Kano, kuma tana da nauyi. Amma ko mafarki ne, a ƙalla a san ƙofar shiga da ta fita.

Rayuwar benen haɗaka

Gidan da marubutanmu suka fi sha'awa yanzu yana da nasa tsari, kuma yawancinsu ba su bincika ba. Dogon bene ne da aka kasa shi sassa-sassa. Kowa ya mallaki sashensa, amma get, da lifta, da janareto, da wurin ninƙaya, da masu gadi, na kowa da kowa ne. Akwai kuɗin hidima da kowane mai sashe yake biya a shekara, akwai kuma dokokin da ƙungiyar mazauna ta gindaya. Baƙo ba ya wuce get sai an kira an tabbatar ana jiransa. Rukunin gidaje na 1004 da ke Victoria Island, wanda aka gina wa gwamnatin tarayya a ƙarshen shekarun 1970 kafin a sayar wa 'yan kasuwa, sanannen misali ne a Legas.

To, ɗauki Alhaji mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyar ka sa shi a nan. Ina zaure? Ina tsakar gida? Ina turaka, ina kuma sashen uwargida? Idan an yi haihuwa, a ina za a yanka ragon suna? Idan an yi rasuwa, ina za a shimfiɗa tabarmin zaman makoki? Gwaggo ta taso daga Ngaski ba tare da sanarwa ba, da buhun albasa da ƙullin busasshen kifi, maigadi ya tsare ta a get yana neman lambar sashe. Yaya fuskar ɗan ɗan'uwanta za ta kasance idan ya sauko? Kowace tambaya a nan babi ce guda. Zaman Bahaushe an gina shi a kan buɗaɗɗiyar ƙofa, benen haɗaka kuma ana sayensa da tsada ne don a rufe ƙofar. Wannan karo shi ne jigon da yake jiran marubuci, amma sai a tsallake shi a tafi ƙirga fitilu.

Daga ina kuɗin suka fito?

Rauni na biyu ya fi na farko illa. Tauraro ɗan shekara ashirin da takwas ne, yana da kamfanoni a Ingila da Dubai, amma daga bangon farko zuwa na ƙarshe ba mu ga ya yi cinikin ko da naira ɗaya ba. Magabata ba haka suka yi ba. Abubakar Imam ya buɗe Ruwan Bagaja a Kwantagora, maƙwabciyarmu, da mai arziki yana ba baƙonsa labari, kuma littafin gaba ɗaya bayanin wahalar da aka sha ne kafin a kai ga wannan daula. Sulaiman Ibrahim Katsina a Turmin Danya ya bi sawun dukiya har ya kai mu ga fasa-ƙwauri da cin hanci. Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne ta nuna mana darajar gida ta hanyar matar da aka kora daga cikinsa da 'ya'yanta. Abdulƙadir Ɗangambo kuwa tun daga sunan Kitsen Rogo ya gargaɗi mai hangen birni daga ƙauye.

Su kansu unguwannin nan suna da tarihin da ya fi ƙarfin ƙage. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe Maroko, dubban ɗaruruwan talakawa suka rasa matsuguni, filin kuma ya zama na manyan gine-gine. Maitama da Asokoro ƙasar Gwari ce kafin dokar 1976 ta mayar da yankin babban birnin tarayya. A watan Afrilun 2017 hukumar EFCC ta sami fiye da dala miliyan 43 a ɓoye cikin sashe ɗaya na wani bene a Ikoyi. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard, nan Ikoyi, ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu, yawancinsu leburori. Marubucin da ya kai tauraronsa Ikoyi bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, hangen Dala kawai ya yi.

Gidan da muka bari a baya

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu 'yan bakin tafkin Kainji muna da labarin gida da babu irinsa a ƙasar Hausa. An fara gina madatsar a 1964, aka gama a 1968. Da ruwa ya taso ya haɗiye tsohuwar Busa da gungun da Gungawa suka daɗe suna noman albasa a kai. Mutum fiye da 40,000 aka tayar: Gungawa, Kambari, Shangawa, Lopawa, Busawa da Hausawa. An gina musu sababbin gidaje na bulon siminti da lanƙwasasshen rufin asbesto, bisa zanen wani Bature, Robin Atkinson. A idon hukuma gidajen zamani ne. Mutanen da aka ba su kuwa, da yawa sai suka kafa ɗakunan laka da rumbuna a gefensu, domin gida ba bango da rufi ba ne kaɗai. Yana bukatar wurin rumbu, da wurin dabba, da filin da ɗa zai kafa ɗakinsa idan ya yi aure.

Ashe tambayar da Alhajinmu zai fuskanta a hawa na goma sha biyu, kakanninmu sun fuskance ta tun 1968: yaya mutum zai zauna a gidan da wanda bai san shi ba ya zana masa? Ƙari a kan haka, wutar da Kainji take samarwa tana shiga layin ƙasa ne, wanda yake haska Ikoyi da Maitama, alhali akwai ƙauyuka a bakin ruwan da har yau ba su ga turken lantarki ba. Wanda ya iya haɗa waɗannan gidaje biyu a labari ɗaya, jika a saman bene, kaka kuma tana nuna wa yara tsakiyar ruwa tana cewa can ne garinmu, ya rubuta abin da ba wanda zai kwafo daga fim ɗin Indiya.

Kayan siffantawa ma ba mu rasa su ba: kasuwar kifi ta Yelwa, warin banda, warangi a shimfiɗe a rana, Sarkawa suna gyaran koma da gura, kiɗan Rigata, jirgin katako da aka yi wa lodi har ruwa yana lasar bakinsa. A haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021 an rasa rayuka masu yawa. Shin ɗan Ngaski da ya san wannan duka, don me zai ari falon wani?

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa marubuta guda uku ce. Na farko, kada ka sa kaya a ɗaki sai wanda zai yi aiki a labarin. Na biyu, duk gidan da ka ba tauraro, ka san kuɗinsa, ka san inda aka samo su, ka san wanda aka tasa kafin a kafa tubalinsa. Na uku, idan dole sai ka hau bene, ka yi tambaya wurin waɗanda suka san shi. Direba, kuku da maigadi, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, sun fi mai gidan sanin sirrinsa, kuma ta bakinsu labarin zai fi daɗi.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dattawan da suka ga tashin 1968 da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata rassan ƙungiyarmu na wannan yanki su tura matasa su zauna da su, su rubuta abin da suka ji, tun kafin a nemi mai ba da labarin a rasa. Ina fata masu ra'ayi dabam za su mayar da martani a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace.