Hannun da ke daidaita numfashin tsohon inji

Idan aka ɗaga bonet ɗin tsohuwar Chevrolet mai injin V8 ta shekarun 1960, tukunyar tace iska ido ke fara gani, zaune a kan kafireta. A ƙarƙashinta akwai wani faffaɗan ƙarfe kwance tsakanin kawunan silinda biyu, kamar sirdi a bayan doki. Shi ne manifol, mai karɓar iska da fetur daga kafireta ya raba wa silinda takwas. Masu farfaɗo da tsofaffin motoci a Amurka sukan cire na asali, na baƙin ƙarfen zubi mai ɗan karen nauyi, su sa na alminiyam wanda wani kamfani dabam ya ƙera. Mai kallo zai ce ai noti 12 ne, a kwance a ɗaure. Ni kuwa duk cikin aikin inji ban ga inda ake gane gwani da sauri kamar nan ba.

Sana'ar ta daɗe. A 1938 wani bakanike a birnin Los Anjalas, Vic Edelbrock, ya sayi Ford ƙirar 1932, ya ƙera mata manifol mai ɗaukar kafireta biyu, ya sa masa suna Slingshot. Har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana kan gaba a wannan harka. Da Chevrolet ta fito da ƙaramin injinta na V8 a 1955, sannan mai lita 5.7 da ake kira 350 a 1967, sai kasuwar ta buɗe sosai.

Abin da ya sa aikin ke da wuya a wannan inji shi ne manifol ɗin ba iska kaɗai yake tsarewa ba. Ruwan lagireto yana bi ta cikinsa daga wannan kai zuwa wancan. Shi ne murfin kwarin tsakiyar inji inda baƙin mai ke fantsama. Ta ramin da ke bayansa kuma distirbuta, mai raba wa fulogai wuta, take sauka. Iska, ruwa da mai suna maƙwabtaka, gaskit mai kaurin kwali ne kawai katangarsu. In ya goce kaɗan, ruwa ya shiga mai, ko inji ya riƙa zuƙar iskar sata.

Gwani yakan fara da tambayar mai mota inda za a riƙa hawanta. Akwai manifol mai hawa biyu, wanda ke raba silindar gida biyu, irin Performer, da ke aiki daga silo zuwa juyi 5,500 a minti. Akwai mai ɗaki ɗaya buɗe, irin Victor Jr., da ba ya farkawa sai inji ya haura juyi 3,500. Wannan na filin tsere ne. Wanda ya ɗora shi a motar zuwa kasuwa don kyan gani, zai sha mamakin yadda za ta yi sanyin jiki wajen tashi.

Kafin ya taɓa sifana, sai ya zubar da ruwan inji, ya buɗe hular distirbuta ya yi alama inda bakin rota ke kallo. Da ya ɗaga tsohon manifol, sai ya shimfiɗa tsumma a kwarin, ya toshe kowace ƙofar iska, sannan ya kankare tsohon gaskit a hankali. Ɓarɓashi ɗaya in ya faɗa ciki, famfon mai zai kai shi inda ba a so.

Daga nan ne abin da ya fi burge ni. Ba ya shafa gam tukuna. Yakan ɗora sabon manifol a bushe, ya sunkuya da tocila yana leƙa gefe da gefe, yana zura siririn ma'auni a tsakani. Injin da ya shekara 50 da wuya a ce ba a taɓa aske fuskar kawunansa ba, kuma duk askin da aka yi yana sauya yadda manifol zai zauna. Sabo fil daga kwali yana iya taɓawa a sama ya bar kafa a ƙasa, ta inda zai riƙa tsotsar mai daga kwarin, mota ta yi ta hayaƙi ana zargin fistin. A nan ma yake duba ko ramukan noti sun dace, domin kawunan Chevrolet ƙirar Vortec na 1996 noti 8 suke ɗauka, ba 12 ba.

Sai gam. Robar gaba da baya da ke zuwa cikin kwalin gaskit, yawancin gwanaye ajiye ta suke yi, saboda takan sulluɓe in an matse. Maimakonta sukan ja zaren gam ɗin silikon mai kaurin kusan milimita 6 a kan bangon gaba da na baya, ya ɗan hau kan gaskit a kusurwoyi huɗu. Sannan a sauke manifol tsaye cak, sau ɗaya. In aka ja shi gaba ko baya, gam ya shafe, sai a sake daga farko. Ɗauri kuwa daga tsakiya ake farawa ana tsallakawa zuwa waje, zagaye biyu ko uku, da sifana mai auna ƙarfi, har a kai ma'aunin fam-ƙafa 25. Alminiyam ba ya son ƙarfin tuwo.

Mayar da distirbuta ma sai da lallashi, don dole gindinta ya shiga bakin sandar famfon mai, rota kuma ta dawo kan alamarta. Kafin a rufe bonet, sai ya ɗora ɗan curin yumɓu a saman tukunyar tace iska, ya sauke bonet a hankali ya ɗaga. Kaurin da yumɓun ya rage shi ne tazarar da ke akwai, tunda sabon manifol yakan fi na asali tsayi.

Idan gam ya kwana ya bushe aka tayar da inji, yakan fesa ɗan maganin wanke kafireta a bakin haɗin yana saurare. In sautin silo ya sauya, akwai kafa. In bai sauya ba, sai ya bari inji ya yi zafi ya huce, ya sake bin notin 12 ɗaya bayan ɗaya. Tsohon manifol ɗin kuma kada ka bari a jefar: a wanke shi a ajiye, domin lambar da ke jikinsa tana cikin shaidar asalin motar ranar da za a sayar.