Kwamfuta a Ajin Insha'i: Tsokaci a Kan Abin da Take Koyarwa da Abin da Take Ɓoyewa

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan da wuya a yi taron malamai a watse ba tare da wani ya miƙe ya ce maganin lalacewar rubutun ɗalibai yana cikin kwamfuta ba. Masu wannan ra'ayi sukan ce alli da allo sun tsufa, jan biron malami kuma ya gaji, saboda haka a ajiye wa kowane yaro na'ura a gabansa, rubutu zai gyaru. Manufar wannan takarda ita ce ta auna wannan magana, musamman dangane da koyar da rubutun Hausa a kwalejojin ilimi, inda nake koyarwa, da kuma makarantun da ɗalibanmu ke zuwa koyarwa idan sun gama. Ya kamata in faɗa tun da farko cewa ba ni da gaba da na'ura, don kuwa da ita na rubuta wannan takarda. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake tattara abubuwa dabam-dabam a kira su rubutu, sa'an nan a ce na'ura ɗaya za ta koyar da su duka. Iya zana harafi daban, sanin ƙa'idar rubuta harshe daban, iya sarrafa tunani ya zama insha'i kuma daban.

Abin da aka riga aka gwada

Wannan alkawari ba sabo ba ne. A shekarar 2005 Nicholas Negroponte na cibiyar MIT ta Amurka ya fito da shirin ba kowane yaro a ƙasashe matalauta ƙaramar kwamfuta wadda aka ce kuɗinta ba zai wuce dala 100 ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da aka fara gwajin shirin, a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, a 2007. An yi ta maganar cewa gwamnati za ta sayi miliyan guda, amma cinikin bai faɗa ba. Ƙasar Peru kuwa ta saya da yawan gaske ta raba. Da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bi sawu a makarantu 319, rahotonsu na 2012 ya nuna cewa yara sun saba da na'urar ƙwarai, har an ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma ba a ga sun fi takwarorinsu a lissafi ko a harshe ba. A 2023 hukumar UNESCO, a rahotonta na shekara a kan ilimi, ta yi kashedin cewa ƙwararan hujjoji game da amfanin na'urorin nan a aji ba su da yawa, kuma da dama daga cikin waɗanda ake kawowa sun fito ne daga masu sayar da kayan. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Suwidin, wadda ta daɗe a sahun gaba wajen shigar da na'ura aji, ta juya ta ce a ƙara ba littafin takarda da rubutun hannu muhimmanci ga ƙananan yara.

Adalci ya wajabta a kawo ɗaya gefen. A 2007 Steve Graham da Dolores Perin sun tattara binciken da aka yi a kan koyar da rubutu ga matasa, suka fitar da abubuwa 11 da ke inganta shi, kuma rubutu da kwamfuta yana cikinsu. Sai dai ba shi ne a kan gaba ba. Koya wa ɗalibi dabarun shirya tunani da bitar abin da ya rubuta shi ne ya fi tasiri, wannan kuwa aikin malami ne.

Hannu da harafi

Ba zan tsawaita a nan ba, domin ɗalibanmu na kwaleji sun wuce wannan mataki. Amma su ne za su koyar a aji ɗaya na firamare, don haka ya kyautu su san cewa binciken Karin James na Jami'ar Indiyana, wanda aka buga a 2012, ya nuna sassan ƙwaƙwalwar da karatu ke aiki da su sun fi motsawa a yara 'yan shekara biyar idan suka ga harafin da suka zana da hannunsu, a kan wanda suka danna kawai. Yaron da ya lanƙwasa kan ƙ da yatsunsa ya san inda ta rabu da k. Wanda ya danna maɓalli ya ga siffa ce ta bayyana, ba shi ya gina ta ba.

Ƙa'idar rubutu

A nan ne matsalar ta fi tsanani, kuma a nan ne Hausa ta bambanta da harsunan da aka ƙera waɗannan na'urori dominsu. Mahalarta wannan taro sun fi ni sanin irin wahalar da aka sha kafin rubutun boko ya zauna. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. An yi zamanin da ake sa ɗigo a ƙarƙashin harafi ko wata 'yar alama a gefensa don a nuna ɓ da ɗ da ƙ, kafin haruffa masu ƙugiya su kafu a shekarun 1930, zamanin aikin Rupert East a Zariya. An zauna a Bamako a 1966, an kuma zauna a Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Duk wannan aiki na shekara da shekaru, wayar hannu tana neman ta warware shi cikin ƙanƙanin lokaci, ba don haruffan babu su ba. Suna nan a tsarin haruffan na'ura na duniya, kuma akwai madannan Hausa da kowa zai iya sa wa a wayarsa kyauta. Abin da ya faru shi ne wayar tana zuwa hannun yaro da madannan Ingilishi, shi kuwa babu wanda ya taɓa nuna masa yadda zai sauya su.

Alal misali, ɗalibi ya rubuta "ya bata". Me yake nufi? Ko dai ya ɓata, wato ya ɓace, ko ya ɓata wani abu, ko kuwa ya ba ta, wato ya miƙa wa wata mace wani abu. Kuskure biyu ne suka haɗu a 'yan haruffan nan, rashin ƙugiya da rashin raba kalma. Haka nan "kasa" da "ƙasa", "kafa" da "ƙafa", "baki" da "baƙi", "kare" da "ƙare". Akan ce ai mai karatu zai gane daga yanayin magana. Gaskiya ne Bahaushe babba yakan gane. Amma rubutunmu tun asali bai nuna tsawon wasali ba, bai kuma nuna karin sauti ba, wato an riga an ɗora wa mai karatu kaya biyu. Idan aka cire ƙugiya an ƙara masa na uku ke nan, kuma wanda zai fi jin nauyin shi ne yaro mai koyon karatu da kuma wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce.

Daɗin daɗawa, akwai mai gyaran rubutu da ke cikin na'urar, wanda ake tallata shi a matsayin malami marar gajiya. A Ingilishi yakan ja jan layi a ƙarƙashin kuskure. Idan kuwa aka rubuta Hausa alhali yana sauraron Ingilishi, sai ya ja layin a ƙarƙashin kusan kowace kalma, ɗalibi ya koyi yin biris da jan layi gaba ɗaya. Abin ban dariya, in ɗalibi ya haɗe "shi ne" ya rubuta "shine", layin ba ya fitowa, domin ta dace da wata kalma ta Ingilishi. Wato na'urar tana hukunta daidai, tana kuma sa wa kuskure albarka. Ko inda aka samu jerin kalmomin Hausa a cikin waya, yawancin kurakuranmu ba na harafi ba ne, na rabawa ne da haɗawa: "yana" da "ya na", "daga" da "da ga", "saboda" da "sabo da". Kowane gutsure kalma ce ta Hausa, saboda haka jerin kalmomi ba zai kama su ba sai an koya masa nahawu.

A ganina an bar jaki ana dukan taiki idan aka ce waya ce ta kashe ƙa'ida. Rubutun hannun ɗaliban nan ma haka yake, kuma na sha ganin allunan makarantu, lokacin duba masu koyarwar gwaji, an rubuta "Kaidojin Rubutu" a kansu babu ƙugiya babu alhamza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da waya ta yi shi ne ta yawaita kuskuren a idon yaro har ya zame masa daidai, domin a rana guda yana karanta saƙonni fiye da shafukan littafin da zai karanta a wata.

Insha'i

Idan akwai inda kwamfuta ta cancanci yabo, to, a nan ne. Babbar cutar koyar da insha'i a makarantunmu ita ce rubutu sau ɗaya: ɗalibi ya rubuta, malami ya ba da maki, a wuce. Ba a sake taɓa wannan rubutu, domin sake kwafe shafi uku da hannu saboda sakin layi ɗaya ya kauce azaba ce. A kwamfuta kuwa ɗalibi yana iya ɗauke sakin layi na uku ya mai da shi na farko, ya ga yadda hujjarsa ta sauya kama, in bai gamsu ba ya mayar. Malami ma yana iya ganin abin da aka goge da abin da aka ƙara. Wannan ya tuna mini da allon tsangaya, inda almajiri kan yi satu, ya kai wa malam a duba, a goge kuskure a gyara nan take. Littafin rubutu na boko ne ya sa gyara ya yi tsada, na'ura kuma ta dawo da arharsa. Amma kada a manta, allo bai taɓa gyara kansa ba. Akwai malam zaune a kan buzu. A ajin da ɗalibai suka kai ɗaruruwa, wa zai karanta rubutun farko da na biyu da na uku? Wannan tambaya ce ta yawan malamai, babu na'urar da za ta amsa ta.

Ya kamata kuma a yarda cewa matasa, musamman mata, suna rubuta Hausa yanzu fiye da kowane zamani. Ana rubuta dogayen littattafan hikaya kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad da Facebook, masu karatu suna mai da martani kafin gari ya waye. Marubuciyar da ta san akwai masu jiran kashi na gaba ta koyi riƙe mai karatu ta hanyar da darasin "Ranar da Ba Zan Manta da Ita Ba" bai taɓa koya wa kowa ba. Wasunmu suna yi wa wannan rubutu kallon raini saboda rashin ƙa'idarsa. Ni ina ganin kuskure ne. Shi ya kamata mu ɗauko mu shigo da shi aji, da izinin masu shi, ɗalibai su yi masa aya da waƙafi da ƙugiya, su kuma faɗi abin da ya sa labarin ke jan hankali duk da haka.

Sai kuma sabon baƙon da ya shigo tun Nuwamban 2022, lokacin da aka saki ChatGPT, wato manhajojin da ke rubuta insha'in da kansu. Na taɓa ba da aikin gida a kan ranar kasuwa a garin ɗalibi. Ɗaya daga cikin takardun da suka dawo tana da tsabta ƙwarai, kowace ƙugiya a wurinta, sakin layi a jere. Amma babu sunan kasuwar a ciki, babu ranar da take ci, babu kara, babu 'yan koli, babu dillali ko ɗaya. Akwai kuma "a ƙarshen rana" a inda Bahaushe zai ce "daga ƙarshe dai". Da na tambayi mai takardar ta wace ƙofa ake shiga da awaki a kasuwar garinsu, sai ya saki baki ya yi mini bayani mai daɗi na kusan minti biyar, har da faɗan da aka yi bara a kan rumfuna. Insha'in yana bakinsa, bai dai yarda cewa abin da ya sani ya isa a rubuta ba. Haɗarin ke nan. Da, mummunan rubutu yakan nuna wa malami inda ciwon yake. Yanzu ana iya rufe ciwon da kyakkyawan bandeji, malami ya ba da maki, ɗalibi ya fita da takardar shaida, ya je ya tsaya gaban 'yan firamare bai taɓa haɗa sakin layi da kansa ba. Ga shi kuma tun 2015 jarrabawar shiga manyan makarantu ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, da tambayoyin zaɓi, wato ɗalibi yana danna na'ura a ranar da ta fi kowace muhimmanci gare shi ba tare da ya rubuta jimla ɗaya ba.

Tun daga wannan lokaci na sauya tsarin ajina. Rubutun farko a aji ake yin sa, da biro, ina zagayawa. Na biyu a waya, bayan kowa ya sa madannan Hausa a gabana, don ban ƙara ɗaukar cewa sun san hanyar ba. Ɗalibai biyu-biyu su yi musanyar rubutu su yi wa juna gyara, sa'an nan kowa ya kawo mini na hannu da na waya tare, kuma makin ya fi yawa a kan tazarar da ke tsakaninsu. Ban ce wannan ya warware matsalar ba. Yana cin lokaci, akwai waɗanda ba su da wayar da za ta ɗauki aikin sai sun ara, caji kuma yakan yanke mana darasi. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin malami ɗaya, shi ne nake so in ajiye a gaban sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji da ke wakilce a nan: wa zai zauna ya tsara ƙa'idojin rabawa da haɗawa a siffar da na'ura za ta iya aiki da su, kuma idan an zo kan "'ya'ya" da "ƴaƴa", wanne za a koya mata, na Kano ko na Yamai, ko kuwa duka biyun?