Kwangila da Zumunci: Nazarin Kalmomin Zargi daga Kitabul Farƙi zuwa Yau

1. Gabatarwa

Duk wanda ya saurari maganganun siyasa a ƙasar Wurno da Raba da Goronyo, musamman sa'ad da zaɓe ya ƙarato, zai ji zargi iri ɗaya yana ta maimaituwa, watau shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa ya ba ƙanensa ko surukinsa aikin gina ajin makaranta, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko rabon taki. Zai kuma lura da cewa zargin ba ya daɗewa yake sanyi, ko da ba a wanke wanda aka zarga ba. Manufar wannan 'yar takarda ita ce a binciki dalili ɗaya na wannan sanyi, dalilin da ya shafi harshe da adabi. Za a auna kalmomin da Hausawa ke zargi da su yau, a gwada su da waɗanda shugabannin jihadi suka bari a rubuce-rubucensu. Wurin ya cancanci wannan gwaji, gama a Magarya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, har Baturen nan Kilafatan ya zauna tare da shi can a 1826, kafin ya koma Wurno, inda ya rasu a 1837.

2. Kalmomin karɓa da kalmomin bayarwa

Hausa tana da wadatar sunaye ga laifin karɓa. Akwai cin hanci, da toshiyar baki, da rashawa da almundahana waɗanda aka aro daga Larabci, da na baya-bayan nan kamar kashe-mu-raba. Kowace daga cikinsu tana nuna hannu biyu, na mai miƙawa da na mai amsa, kuma hannun mai amsa shi ne abin zargi. To, amma wanda ya ba ɗan'uwansa kwangila bai amshi kome ba a idon jama'a. Bayarwa ya yi, kuma kalmomin bayarwa a Hausa kusan dukansu na yabo ne: kyauta, alheri, zumunci, riƙon dangi. Karin magana ma suna bayansa, domin an ce ɗan'uwa rabin jiki, an kuma ce naka sai naka.

Magana ɗaya da ta yi kusa da wannan laifi ita ce tuwona maina. Sai dai asalinta ba tsawatarwa ba ce. Da ita ake siffanta auren zumunci, inda dukiya da 'ya'ya ba su fita gida ba, kuma mai faɗinta yakan faɗe ta da murmushi. Ita kuwa kalmar kwangila baƙuwa ce daga Turanci, ta shigo tare da ayyukan gwamnati na zamanin En'e, ba ta kuma zo da wani nauyi na halal ko haram ba. Saboda haka idan aka ce wane ya ba ƙanensa kwangila, jimlar ba ta ɗauke da hukunci a cikinta, sai wanda mai sauraro ya ɗora mata.

Waƙar fada ta ƙara ƙarfafa wannan. A waƙoƙin makaɗan ƙasar Sakkwato, irin su Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, ana yabon basarake da kyauta da riƙon jama'a, zambo kuwa yakan faɗa kan marowaci da mai neman sarautar da ba ta kai gare shi ba. Makaɗi ba ya tambayar inda kyauta ta fito, domin ba aikinsa ba ne. Mawaƙan siyasa na yau sun gāji wannan ma'auni ɗungurungum, suka aza shi a kan mutanen da ke riƙe da kuɗin jama'a.

3. Abin da littattafan jihadi suka yi

Babban abin yabo ga Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda Hiskett ya buga tare da fassara a 1960, shi ne yadda ya kama laifi da sunansa. Littafin da Larabci yake, amma da aka zo kan al'adun sarakunan Hausa sai aka kawo kalmomin Hausa tsagwaronsu, kamar jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Gaisuwa ita ce abin lura a nan. Kalma ce ta ladabi, wadda ba wanda zai ji kunyar furta ta, sai Shehu ya ɗauko ta ya jera ta cikin zalunci. Wannan aiki ne na masanin harshe: ya gane cewa suna mai daɗi yakan yi wa mugun aiki riga, sai ya tuɓe rigar. Asalin hukuncin yana cikin hadisin nan na ma'aikacin zakka da ya komo ya ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa, aka nuna masa cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kawo masa ita.

Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi, ta bi wannan hanya. Ƙarfinta yana ga lissafi: tana ɗauko ayyuka ɗaya bayan ɗaya, na mai mulki da na alƙali da na ɗan kasuwa, tana haɗa kowane da sakamakonsa a Lahira, har talakan da bai yi karatu ba ya iya gane azzalumi da aikinsa. Usulus Siyasa kuwa, wanda Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba kula da masu sana'a, da gina garuruwa da gadoji, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Ashe aikin raya ƙasa tsohon wajibi ne a wannan yanki, ba Turawa suka zo da shi ba.

Duk da haka, bai kamata a ɗora wa waɗannan littattafai abin da ba su faɗa ba. A zamaninsu ganuwa da hanya da ƙarfin jama'a da na bayi ake yinsu, babu ɗan kwangila a tsakani da zai ci riba. Har wa yau, ba su ɗauki naɗa ɗan'uwa laifi a kan kansa ba. Shehu ya raba kula da ƙasa tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello, Waziri Giɗaɗo mijin Asma'u ne, kuma 'ya'yan gidan aka ba ribaɗoɗi da yawa. Abin da suka sharɗanta shi ne cancanta da tsoron Allah da shawara, kuma Abdullahi ya koka ƙwarai a Tazyinul Waraƙati da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a. Iyakar abin da za a ce shi ne, sun sa wa laifin karɓa suna, suka bar laifin bayarwa ga na baya.

4. Misalai daga tarihi

A 1943 an zargi Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Raba ya kuma riƙe hakimcinta daga 1934, da taɓa kuɗin jangali a Gusau. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, zargin ya yi kaifi nan da nan domin kowa ya san ma'anar cin jangali. Na biyu, zargi yakan zama makami, gama mutane da yawa sun danganta shari'ar da takarar gadon sarautar Musulmi ta 1938. Don haka ba kowane zargi ne gaskiya ba, kuma mai nazari ya wajaba ya riƙe wannan.

Misalin da ya fi dacewa da batunmu daga Jihar Gabas ya fito. A 1956 kwamitin Foster-Sutton ya binciki yadda aka zuba kuɗin gwamnatin jihar, wajen fam miliyan 2, a bankin African Continental, wanda Firimiya Azikiwe da iyalinsa ke da hannu a ciki. Kwamitin ya ce halinsa ya gaza abin da ake tsammani ga mai riƙe da amana, amma da aka yi zaɓe a 1957 jam'iyyarsa ta sake ci. A kusa kuma, a 2024 gwamnatin Kano ta gurfanar da tsohon gwamna Abdullahi Ganduje tare da matarsa da ɗansa da wasu kamfanoni, shi kuwa ya musanta, ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne.

Doka ba ta yi shiru ba. Jadawali na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati sa kansa inda amfaninsa zai yi karo da aikinsa. Sashe na 19 na dokar hukumar ICPC ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda ya yi amfani da muƙaminsa ya amfanar da kansa ko danginsa ba bisa ƙa'ida ba, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 kuma ta ƙara bayani. Amma duk da Turanci aka rubuta su, kuma fassarar da akan ji a rediyo, irin su cin karon muradu, ba ta motsa zuciyar manomin albasa na Goronyo ko na shinkafa a fadamar Wurno. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa batun nauyi, domin gwargwadon kusantar kuɗi da gida, gwargwadon kusantarsa da dangi.

5. Kammalawa

Abin da ke kan malaman kwalejojin horon malamai da marubuta shi ne su yi wa zumunci irin aikin da Shehu ya yi wa gaisuwa. Ba a bukatar ƙirƙiro baƙuwar kalma, gama amana tana nan, kowane yaro ya san ta. Abin da ya rage shi ne a koya wa ɗalibi rarrabewa tsakanin aljihu da baitulmali: zumuncin da aka yi daga aljihu lada ne, wanda aka yi daga baitulmali kuwa cin amanar sauran jama'a ne, ko da aikin ya yi kyau, domin wanda ya ba da aikin shi ne kuma zai duba shi, mutum kuwa ba ya tsananta wa ɗan ɗakinsu. Idan rufin aji ya zuba a damina ta farko, 'ya'yan talakawa ne za su zauna a ƙasa cikin ruwa.

Yana da kyau a riƙa karantar da Tabbat Haƙiƙa tare da waƙar fada a darasi ɗaya, a bar ɗalibai su gwada ma'aunin kowace, sa'an nan a sa su rubuta da Hausarsu abin da Sashe na 19 yake nufi a ƙauyensu. Daga irin wannan aji ne ake sa ran samun mawaƙi ko marubucin da zai sa wa laifin bayarwa sunan da zai zauna a bakin jama'a.