Bakin Jibiya, Harshen Kano: Tarke A Kan Zancen Taurarinmu

A kwanakin baya wani matashi daga cikin 'ya'yan ƙungiyarmu ya kawo mini labarin da ya rubuta, ya ce in duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Labari ne na wani yaron mota mai jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi, wanda rufe iyakar da aka yi a 2019 ta raba shi da sana'arsa da kuma yarinyar da yake nema a Ɗan Isa. Jigo ya yi armashi, zubi ma ba laifi, kuma na yi murna da ganin an sake waiwayar rayuwar bakin iyaka, fagen da ba a cika shiga ba tun da Sulaiman Ibrahim Katsina ya taɓo fasa-ƙwauri a Turmin Danya a 1982. Amma da na kai shafi na arba'in sai na ajiye takardun, domin na lura har zuwa nan babu tauraro ko ɗaya da ya buɗe baki. Marubucin ne kaɗai ke magana, yana ta sauya hula. Da direba, da tsohuwa mai fura, da jandarma, da yaro ɗan shekara uku, duk Hausarsu ɗaya ce, irin ta mai karanta labaran ƙarfe bakwai a rediyo.

Ba shi kaɗai ke da wannan ciwo ba, shi ya sa na nemi izininsa in kawo maganar a wannan shafi.

Ga abin da ya sa a bakin tsohuwar, wadda ya ce mana haifaffiyar Maraɗi ce, ba ta taɓa wuce Katsina ba: "Ya kai ɗana, zauna a nan domin in bayyana maka muhimmancin aure." Duk wanda ya taɓa shan fura a tashar Magama ya san ba haka za ta ce ba. "Zamna nan, yaro," za ta ce, kuma in ta zo kan aure, arme ko amre za ka ji. A bakinta mutum tahiya yake yi, 'yarta kuma ɗiya ce. Kada mai karatu ya ɗauka wannan gurɓatacciyar Hausa ce ta ƙauye. Tun a ƙarshen shekarun 1920 masanin nan na Jamus, August Klingenheben, ya nuna cewa irin su zamna da sabka su ne tsohuwar sura, Hausar gabas ce ta mayar da su zauna da sauka. Wato dai tsohuwar nan ta fi mu riƙe abin da kakanni suka bari, mu kuwa muna gyara mata baki.

Abin da ya sa na ce Jibiya ce ma'aunin da ya dace da wannan magana shi ne, iyakar da ke wurin ba ta raba harshe ba. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta kafu a Maraɗi, inda har yau ake kiran mai sarautar Sarkin Katsina. Da Ingila da Faransa suka ja layinsu a farkon ƙarni na 20, Katsinawa suka samu a kudu, Katsinawa a arewa. Saboda haka lafazi kusan ɗaya ne. Inda bambanci ya shigo shi ne kalmomin aro, kuma nan ne marubuci mai kunne zai ci riba. Na wannan gefe ya ce kwastan, na wancan ya ce duwan. Wannan ya sha fetur, wancan ya sha isansi. Yaron Jibiya yana zuwa makarantar boko wurin malam, na Ɗan Isa yana zuwa lakwal wurin mushe. Ko a lissafin kuɗi, mutumin Maraɗi da dala yake ƙirga, kowace dala tana matsayin sefa biyar, dala ɗari ke nan sefa ɗari biyar, jika kuma dubu. Marubucinmu ya ɓata shafi biyu yana bayanin cewa mota ta tsallaka iyaka, alhali da ya bar ɗan canji ya faɗi farashi da dala, da mai karatu ya san inda yake.

Kuma ba a rasa inda za a koya ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da alamun da ke nuna wace kalma ce ta Katsina, wace ce ta Sakkwato. Ahmadu Bello Zariya ya fitar da littafi a kan kare-karen harshen Hausa a 1992, Bernard Caron ya yi na Hausar Adar a 1991, babban nahawun Paul Newman na 2000 ma bai bar wannan fanni ba. Aikin yana nan jibge a ɗakunan karatu na jami'o'i, mu masu ƙirƙira ne ba mu leƙawa.

Inda abin ya fi ba ni dariya, ya kuma fi ba ni haushi, shi ne bakin yara. Yaron labarin, ɗan shekara uku, cewa ya yi: "Mahaifiyata, ina matuƙar jin yunwa a halin yanzu." Haba jama'a! Wane gida ne ake haihuwar irin wannan? Masu nazarin yadda yaro ke koyon magana sun daɗe da nuna cewa abin hawa-hawa ne. A 1984 Janet Werker da Richard Tees, a Kanada, suka gano cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana iya bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya rufe a kan na gidansu. Ke nan jaririn Jibiya ya fara zama Bakatsine tun bai ce uffan ba. Tun kafin wannan, a 1958, Jean Berko ta gwada yara da kalmomin da ta ƙirƙira, suka yi musu jam'i daidai da ƙa'ida, abin da ya tabbatar da cewa yaro ba aku ba ne, ƙa'ida yake tsinta ya yi ta shimfiɗa ta har inda ba ta kai ba. Ni da kunnena na ji wata 'yar ƙanwata tana kiran kaji da kazoji, don ta ji ana cewa motoci da tagogi. Wannan kuskure nata ya fi duk wata siffantawa nuna shekarunta. Sannan William Labov da waɗanda suka biyo sawunsa sun nuna cewa da yaro ya fara fita wasa, bakin abokansa yake ɗauka fiye da na iyayensa. Ɗan ma'aikacin da aka yi wa canjin aiki daga Kano zuwa Jibiya, ba da jimawa ba zai dawo gida yana cewa ya hwaɗi, uwar tana gyara masa. Ga labari nan sukutum a cikin kalma guda, amma ba mu gani.

Sai kuma tsawon zance. A wani wuri direban ya yi wa jami'in kan iyaka jawabi na layi goma sha tara, jami'in yana tsaye shiru kamar mai sauraren huɗuba. Wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka buga a 2009, a kan harsuna goma na sassan duniya, ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hira ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Babu Hausa a cikin goman, amma wanda ya taɓa jin Hausawa biyu suna gaisawa, ina kwana na hawa kan lahiya lau, ya san ba mu fi kowa haƙurin jira ba. Hira kamar dakan 'yanmata biyu take a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. Ina su "to", da "af", da "ashe", da "Yallaɓai, tsaya ka ji"? Ina maganar da aka fara ba a ƙarasa ba?

Na san abin da wasu za su ce: ai daidaitacciyar Hausa aka ce mu rubuta. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu raina wahalar da aka sha, daga Hukumar Hausa ta 1955 zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Muryar mai ba da labari ta zauna a kan ƙa'ida, ban ja ba. Amma an daidaita rubutu ne don littafin makaranta da jarida su karantu ko'ina, ba don a toshe bakin tsohuwar Maraɗi ba. Balle yanzu da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, masu karatunmu na can za su ƙaru, kuma ba za su ji daɗin ganin an sa musu bakin aro ba. Abin da nake tsoro kawai shi ne a koma irin ta wasu finafinanmu, inda ba a ba mutum karin harshen yamma sai in ana so a yi masa dariya a matsayin baƙauye. Wannan ya fi shirun muni.

Na ba matashin nan shawara ya je Magama ya zauna kwana bakwai da ɗan littafi a aljihu, kada ya yi wa kowa tambaya. Ya je, ya dawo da sabon kwafi. Tsohuwar ta samu bakinta, yaron ya koma cewa "Inna, tuwo", jawabin direba ya karye gida shida. Sai dai garin gyaran gira ya taɓa ido: duk wani "f" da ke littafin ya mayar da shi "h", har jami'in da ya ce mana Bazazzagi ne, sati biyu da zuwansa, shi ma tahiya yake yi. Na ja masa layi a ƙarƙashin wannan da jan biro, na mayar masa da takardunsa.